Sayar Da Kamfanonin Motoci Ga Baƙi: Ribarsa Da Hasararsa

Jawabi domin Hakimai da Malaman Ofisoshinsu na ƙasashen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi

 Maganar yau ita ce ta kamfanonin ƙera motoci waɗanda ciniki ya juya wa baya har aka sayar da su ga mutanen wata ƙasa, da abin da irin wannan ciniki yakan jawo wa arzikin jama'a.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan mutumin Katuru da kamfanin da ke Ingila ko Faransa? To, da ruwansa. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura a 1929, manyan motoci ne suka riƙa kwaso gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa tasha. Har yanzu mota ce ke kai hatsi da dabbobi kasuwar Shinkafi, ita ce kuma ke kai majinyaci asibiti. Idan kayan gyaranta suka yi tsada, kuɗin mota ya tashi. Idan kuɗin mota ya tashi, manomi ne zai biya, ko da kuwa bai taɓa riƙe sitiyari ba.

Abin da ake sayarwa

Da farko ya kamata a gane cewa kamfanin mota abu uku ne a haɗe. Akwai suna, watau tambarin da ake liƙa wa goshin mota. Akwai ma'aikata, watau ginin da injunan da ke ciki. Akwai kuma sani, watau zanen motar da gwanintar masu aikinta.

Misalinsa kamar maƙeri ne da ya yi suna wajen ƙera garma, sa'an nan bashi ya ci shi. Wani mai saye zai zo ya biya bashin, ya bar maƙera a inda take, ya ƙaro ƙarfe da gawayi, yaran maƙerin su ci gaba da aiki. Wani kuwa alamar da maƙerin ke bugawa a jikin garma ita kaɗai yake so. Sai ya ɗauke uwar maƙera da zugazugi ya tafi da su garinsu, ya bar yara suna zaman banza. Dukansu biyu ciniki suka yi, amma abin da gari ya samu a hannunsu ba ɗaya ba ne.

Labarin Land Rover da MG

Dattawan hakimai sun san Land Rover, motar rangadi, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948. Kamfanin Rover mai yin ta ya shiga ƙungiyar British Leyland, ita kuwa hasara ta yi mata yawa har Gwamnatin Ingila ta karɓe ta a 1975. A 1994 kamfanin BMW na Jamus ya sayi Rover a kan fam miliyan 800. Bayan shekara shida ya ga abin ba riba, sai ya raba kayan. Ya sayar da Land Rover ga Ford na Amurka, ya riƙe ƙaramar motar nan Mini, sauran kuwa, watau Rover da MG, ya miƙa wa waɗansu Ingilishi a kan fam 10 kacal, don dai ya rabu da nauyi.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Kamfanin MG Rover ya karye a watan Afrilu na 2005, mutum wajen 6,000 suka rasa aiki a ma'aikatar Longbridge da ke Birmingham, ban da na ƙananan kamfanonin da ke yi mata kayan haɗi. Kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya sayi abin da ya rage, ya kwance injuna ya loda su a jirgin ruwa. An ɗan ci gaba da harhaɗa motoci kaɗan a Longbridge har 2016, sa'an nan aka daina. Sunan MG bai mutu ba, ya ma ƙara bunƙasa, amma albashin masu ƙera motar ya bar Ingila.

Land Rover kuwa, Ford ya sayar da ita tare da Jaguar ga kamfanin Tata na Indiya a 2008, a kan dala miliyan 2,300. Mutane da yawa suka ɗauka ita ma za a kwashe ta. Amma Tata ya bar hedkwata da masu zane a Ingila, ya zuba jari, har aka buɗe sabuwar ma'aikatar injin mota kusa da Wolverhampton a 2014. Duk da haka, da aka daina yin tsohuwar motar rangadi a Solihull a 2016, magajiyarta a ƙasar Sulobakiya aka kai aikinta. Watau ko mai saye na kirki, lissafin ribarsa shi ne gaba.

Haka aka gani a ƙasar Suwidin. Geely na ƙasar Sin ya sayi Volvo daga Ford a 2010, ya bar ta a birninta na Gothenburg. Motocin da take sayarwa suka tashi daga wajen 370,000 a wannan shekara zuwa fiye da 700,000 a 2019. Maƙwabciyarta Saab kuwa, a 2010 ɗin nan aka sayar da ita ga wani ƙaramin kamfanin Holan mai suna Spyker, wanda ƙarfinsa bai kai ba. Kafin ƙarshen 2011 ta karye.

Abin da ya auku a Kaduna

A Nijeriya maganar ta zo ta wata fuska. A nan sunan motar tun asali na baƙi ne, ginin ne yake na gida. An kafa kamfanin Peugeot na Kaduna a 1972, bisa yarjejeniya tsakanin Gwamnatin Tarayya da kamfanin Faransa, ya fara fitar da motoci a Kakuri a 1975. Ita ce motar da ake kira Fijo, wadda 404 da 504 ɗinta suka cika tashoshin Gusau da Ƙaura da Shinkafi. A 1981 ma'aikatar ta harhaɗa motoci fiye da 50,000. A zamanin nan kuma aka kafa ma'aikatar manyan motocin Fiat a Kano, da ta Steyr a Bauchi.

Amma akwai rauni tun daga tushe. Yawancin kayan motar a Faransa ake ƙera su, har an daɗe ana ɗauko su a jirgin sama daga Lyon zuwa Kano, sa'an nan a kai su Kaduna a ɗaure. Muddin kuɗin man fetur na shigowa, naira kuma ta fi dala daraja, kamar yadda take a 1980, ba a ga aibin haka ba. Da aka karya darajar naira a 1986, sai kuɗin kayan ya ninka, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Jama'a suka koma ga tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

A 2006 Gwamnati ta sayar da kaso mafi yawa na hannun jarin kamfanin ga ASD Motors, kamfanin 'yan ƙasa. Bashin banki ya yi masa nauyi, har hukumar AMCON mai karɓar basusukan bankuna ta riƙe ma'aikatar a 2012, ta kuma sayar da ita ga kamfanin Nesbitt a 2020. A 2022 wani sabon kamfani, wanda Dangote da gwamnatin Kaduna da masu sunan Peugeot suka haɗa jari a ciki, ya fara harhaɗa motocin a wata ma'aikata dabam a Kaduna. Shi kansa Peugeot na Faransa, sai da Dongfeng na ƙasar Sin da Gwamnatin Faransa suka tallafe shi a 2014, kowannensu ya karɓi wajen kashi 14 cikin 100.

Abin lura a nan shi ne, kasancewar mai saye ɗan ƙasa bai hana ma'aikatar Kakuri durƙushewa ba, kamar yadda kasancewar Geely baƙo bai hana Volvo miƙewa ba.

Riba da hasara

Ribar sayarwa ga baƙo ita ce, yakan zo da jarin da babu a gida, ya buɗe sababbin kasuwanni, ya kuma sauke wa baitulmali nauyin ciyar da kamfanin da ba ya ciyar da kansa. Kuɗin da Gwamnati ke toshe ramin hasara da shi, kuɗin haraji ne wanda da an gina rijiyoyi da makarantu da shi. Idan ma'aikata ta ci gaba da aiki, albashi da haraji suna nan a ƙasa.

Hasararsa kuwa iri uku ce. Ta fari, ribar ƙarshen shekara takan fita waje. Ta biyu, shawarar rufe ma'aikata ko buɗe ta takan koma hannun mutanen da ba su san garin ba, ba su kuma jin kunyar kowa a cikinsa. Ta uku, wadda ta fi sauran ciwo, idan sani ya tashi da wuya ya komo. Gini ana sake shi cikin shekara biyu, amma gwanin da ya shekara ashirin yana koyon aiki, in ya koma sayar da goro, shi ke nan.

Abin da ya rage ga hakimai

Ba a tsammanin za a nemi shawarar hakimin Zurmi a kan cinikin kamfanin mota. Amma baƙi masu jari suna zuwa ƙasar Zamfara neman ma'adinai da filin noma, sau da yawa kuma akan nemi bakin hakimi kafin a kai magana gaba. Tambayoyin da ya kamata a yi musu su ne waɗanda labaran nan suka koyar. Mene ne ainihin abin da ya kawo mutumin? Jarinsa nasa ne, ko na bashi ne? Mutum nawa na ƙasar zai ɗauka, wane aiki kuma zai koya musu? In ya tashi tafiya, me zai bari? Duk alkawarin da ya yi, wajibi ne malami ya rubuta shi da adadi da kwanan wata, a sa hannu gaban shaidu, a ajiye kwafi a ofis, gama alkawarin baka ba ya tsayawa gaban alƙali.

Na biyu, idan jama'a za su haɗa kuɗi su sayi mota ko tarakta, a gargaɗe su su fara tambayar makanikan Gusau da Ƙaura, ko akwai kayan gyaranta a kusa, ko kuma akwai wanda ya iya ta. Mota mai araha wadda kamfaninta ya mutu, ƙarshenta a gindin bishiya ne, kaji na kwana a ciki.

Na uku, a ƙarfafa wa iyaye su sa yara koyon kanikanci da walda da aikin lantarki, ko a gareji, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. Tambarin mota yana iya canja hannu sau biyar, amma ƙasar da ke da masu gyara da masu ƙera kayan gyara, kowa ya sayi tambarin sai ya nemi mutanenta.

Ana roƙon hakimai su isar da wannan bayani ga dagatai da masu unguwanni, su kuma su isar ga talakawa. Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, amin.