A Auna Mana Da Mudu Ɗaya: Jawabi A Taron Makiyaya Na Pelebina



Abin da ya tara mu yau kowa ya san shi. In shanu suka shiga gonar doya, kafin a je duba ɓarna an riga an tsare yaron da ke kiwo. In kuwa aka sassare mana shanu da adda, sai a ce mu koma gida mu sasanta. Ba mu ce kada a hukunta mai laifi ba. Wanda dabbarsa ta ci gona ya biya. Amma a auna wa kowa da mudu ɗaya.

Wannan ba alfarma muke roƙo ba. Tsarin mulkin Benin na 1990, sashe na 26, ya ce kowa daidai yake a gaban doka, ba ruwanta da asalinsa. Sashe na 18 ya hana a tsare mutum fiye da awa 48 ba tare da an kai shi gaban mai shari'a ba. Ko an ƙara, ba ya wuce kwana 8.

Saboda haka, in an kama naka, ka riƙe ranar da lokacin, ka sanar da ƙungiya nan take. Da Faransanci ake shari'a, to ka nemi tafinta. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. In hukuncin kotun Jugu bai gamsar da kai ba, akwai kotun ɗaukaka ƙara a Paraku.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu manoma. Wassalam.