Daga Na Ƙarshe A Tseren Makaranta Zuwa Gasar Ironman: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Shekara



Da sakataren ƙungiya ya ce in tashi in yi magana a kan wasan motsa jiki, na san akwai waɗanda za su yi dariya, kuma ga shi na hango su a layin baya. Duk ɗan ajinmu ya san ni ne nake zuwa na ƙarshe a gudun zagaya gari da ake yi kowace shekara. Malam mai wasanni, wanda Allah Ya ja kwanansa yake zaune tare da mu yau, ya sha tsayawa a bakin ƙofar makaranta yana jirana bayan kowa ya tafi cin abinci. Malam, a gafarce ni, amsar wannan jiran ce na kawo yau, ko da yake ta makara da shekara 30.

Abin da ya kai ni ba sha'awa ba ce. Likita ne ya auna ni ya ce hawan jini ya kama ni, sukari kuma yana bakin ƙofa. A cikin wata shida kafin nan mun binne biyu daga cikin abokanmu. Na fara da tafiya da ƙafa bayan sallar asuba, sai sassarfa, har wani abokin aiki ya ba ni labarin wata gasa da ake kira Ironman.

To, mece ce ita? Wasa uku ne ake haɗawa a yini ɗaya ba hutu. Za ka yi iyo na kilomita 3.8 a cikin teku, ka fito ka hau keke ka yi kilomita 180, ka sauka ka yi gudun fanfalaki na kilomita 42.2. An ba ka awa 17, in ka wuce ko da minti ɗaya ne ba a lissafa ka. An fara ta a 1978 a tsibirin Oahu na Hawai, ƙasar Amurka, bayan wata gardama a kan ko wane ne ya fi juriya tsakanin mai iyo da mai keke da mai gudu. Wani hafsan sojan ruwa, John Collins, da matarsa Judy suka ce a haɗa ukun a gani. Mutum 15 suka shiga, 12 suka gama, Gordon Haller ya yi na ɗaya a cikin awa 11 da minti 46. Kilomita 180 ɗin nan, jama'a, ta fi nisan Kano zuwa Zariya. Ku tuna bayan ta ne ake fara gudu.

Keke da gudu ban ji tsoronsu ba. Ruwa ne matsalata. Ni da na girma ana ce mini kada in kusanci kududdufi, sai ga ni ina da shekara 47 na je wurin wanka na wani otal ina neman mai koya mini iyo. Yaron da ya koya mini bai kai ɗana na fari ba. Wata biyu cur ina koyon abu ɗaya, wato fitar da numfashi a cikin ruwa da juya kai gefe don shaƙar iska. Wanda bai iya ba yakan riƙe numfashi, ƙirjinsa ya cika, hankalinsa ya tashi, ya ɗaga kai, ƙafafuwansa su nutse. Na sha ruwan wurin nan har na san ɗanɗanonsa. Ran da na fara ƙetare shi daga wannan baki zuwa wancan ba tsayawa, mita 25 kacal, na zauna a gefe ina haki kamar na yi noman yini. A gasar kuwa irin wannan ƙetarewa sau 152 ake bukata, kuma cikin awa 2 da minti 20.

Shekara biyu na yi ina shiri. Keke ranar Asabar tun da duku-duku kafin motoci su fito, gudu mai nisa ranar Lahadi. Hazon hunturu ya fasa mini leɓe, zafin bazara ya ƙona ni. Mai ɗakina ta ce ta yi kishiya mai ƙafa biyu, kuma gaskiyarta, don har sunan jikan yayana ban je ba.

Na zaɓi gasar da ake yi a Afirka ta Kudu, a garin Fatakwal Elizabet wanda aka sauya wa suna zuwa Gqeberha a 2021. Na yi niyyar ta Afrilun 2024. Kuɗin rajista da kuɗin waje ake biya, ga shi tun tsakiyar 2023 darajar naira ta faɗi, sai da na sayar da wani ɗan filina. Sa'an nan azumi ya faɗo a makonnin ƙarshe na shiri. Na koma yin gudu bayan sallar asham, keke kuma a cikin ɗaki a kan wani ƙarfe da ake ɗaure tayar baya, har kusan sahur. Ga biza, ga katin allurar shawara wanda ba a shiga ƙasar daga Nijeriya sai da shi.

Daga Legas zuwa Johannasbag kimanin awa 6 ne, daga nan a sake wani jirgin. Na sauka lafiya, jakata ta fito, akwatin keke bai fito ba. Kwana biyu ina kai-komo a filin jirgi. Ya iso ana gobe za a rufe karɓar kekuna, da wani ƙarfen giya a lanƙwashe, wani makaniki ya miƙar da shi.

Ran gasa da asuba muka tsaya a bakin teku cikin rigar roba mai hana sanyi. Teku ba wurin wankan otal ba ne. Ba ka ganin ƙasa, ruwan gishiri ne mai sanyi, igiya tana ɗaga ka, wani ya haure ka a fuska bai ma sani ba. Ban yi mita 300 ba numfashina ya ƙwace. Na juya rigingine ina kallon sama, wani mai ƙaramin kwale-kwale ya matso ya tambaye ni ko in fita. Na tuna filin da na sayar. Na ce masa a'a, na ƙirga numfashi goma, na ci gaba. Na fito da sauran minti 14.

Garin nan ya yi suna wajen iska, kuma ta nuna mana halinta a kan keke. Wani wurin kana takawa da iya ƙarfinka kamar ana riƙe ka ta baya. Abin da ya cece ni shi ne ci da sha a kan lokaci, ko ba ka jin yunwa, domin in sukarin jiki ya ƙare ƙafa ba ta sake ɗaguwa. Turawa suna shan wani abu mai kauri a 'yar leda, ni kuwa dabino na cika aljihu da shi, da ɗan gishiri saboda ɗaurewar jijiya.

Gudun ba zan yi muku ƙarya ba, rabinsa tafiya ce. Dare ya yi, 'yan kallo sun ragu, ina ta lissafin minti a kai. Na taka layin ƙarshe a awa 16 da minti 21. Ban zo na ƙarshe ba, Malam, akwai mutane a bayana.

Likita ya rage mini magani, amma bai ce in daina ba, don haka duk wanda zai gwada ya fara zuwa a auna zuciyarsa tukuna. Ina kuma roƙon kwamitin ayyuka ya sa batun koya wa ɗalibai iyo a cikin abin da za a tattauna bayan cin abinci, ni zan biya mai koyarwa na zangon farko. Lambar da aka ba ni tana nan a aljihuna, in shugaba ya yi izini zan kai wa Malam ya riƙe.