Baƙin Mai da Lokacin Juye: Jawabin Ranar Cikar Shekarar Ƙungiya

Iyayenmu dattawa, shugabannin ƙungiya, 'yan uwa masu motoci, direbobi da yaran mota, barkanmu da ganin wannan rana.

Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar, a kan jaki da raƙumi suka yi fatauci. Mu kuwa jarinmu a kan taya yake tafiya, riɗi da dawa da albasa, daga Sinja da Damazin da Wad Madani zuwa Gadarif, har Gallabat a tsallaka Matamma. Injin da ya buga a hanya da lodin albasa ba mota kaɗai ya kashe ba, ya cinye uwar kuɗi har da amanar mai kaya. Shi ya sa muka ware yau don baƙin mai, wanda a nan muke ce wa zeti.

Mu fara da rubutun jikin galan. Idan an rubuta 15W-40, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyin asuba, ta biyu kuma kaurinsa bayan injin ya yi zafi. Ga manyan motocinmu masu shan gas, shi ne aka fi dacewa da shi, muddin littafin motar bai ce wani ba. A duba alamar API: wadda ta fara da C, kamar CH-4 ko CI-4, ta injin gas ce, mai S kuma ta fetur. Siririn man da ake zuba wa motocin tsere a Turai, tsohuwar Bedford ɗinmu, wato Sifinja, ƙona shi za ta yi kawai.

Babbar maganar ita ce lokacin juye. Tazarar da kamfani ke rubutawa ta mai tafiya a kwalta ce cikin iska mai tsabta. Mu fa? A Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Guguwar habub tana cusa ƙura a filta. Da damina baƙar ƙasar nan takan zama taɓo, injin ya yi ta ruri a ƙaramin giya, mota ba ta gaba. A bakin iyaka da shingayen bincike muna barin inji a kunne sa'o'i, agogon kilomita a tsaye, mai kuwa yana tsufa. Saboda haka shawararmu: juye a kilomita 5,000 ko awa 250 na aikin inji, duk wanda ya riga. Filtar mai a canza ta tare, ta iska a riƙa kaɗe ta.

Kowace safiya a zare ma'auni kafin a tayar da mota. Baƙin launi kaɗai ba laifi ba ne a injin gas. Amma in man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. In yana ƙaruwa da kansa, gas ne ke zuba ciki. Duk biyun, a nemi makanike kafin a ɗora kaya.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kaya suka yi wuya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu guji man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar ganga da galan mai fasasshen hatimi. Araha ba ta ado.

Abu biyu muke roƙo taron nan ya amince da su. Kowace mota ta riƙe ɗan littafi, a rubuta ranar juye, kilomita da irin man, direba da mai mota su sa hannu. Sannan ƙungiya ta haɗa kuɗi ta riƙa sayo mai da filta a sari daga dila ɗaya amintacce.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Sudan, Ya sa albarka a neman kowa. Wassalamu alaikum.