Kafin Mu Sa Harsashi: Yadda Za Mu Tsara Ayyukan Tallafa wa Masu Ƙaramin Ƙarfi

(Jawabin da kwamitin ayyuka ya gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, washegarin Babbar Sallah)

 

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma Hakimi uban ƙasa, dagatai da masu unguwanni, malamanmu da limamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga Kano da Kaduna da Abuja da Legas, 'yan'uwa matasa, da sauran manyan baƙi da suka amsa gayyatarmu.

Muna godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya sake haɗa fuskokinmu a wannan gari da aka binne cibiyarmu. Muna kuma roƙon gafara da rahama ga waɗanda muka zauna tare da su a taron bara, bana kuwa suka riga mu gidan gaskiya.

An ɗora wa wannan kwamiti nauyin ya kawo shawara a kan yadda za a yi amfani da kuɗin da aka tara a gidauniyar da muka ƙaddamar domin taimakon masu ƙaramin ƙarfi. Tun daga ranar da aka sanar da hakan shawarwari suke ta zuwa mana. Wasu sun ce a raba shinkafa da atamfa, wasu sun ce a haƙa rijiyar burtsatse, wasu sun ce a sayo kekunan ɗinki, wasu ma sun ce a fara da ɗakin taro domin a samu inda za a riƙa yin rabon. Kowa da kyakkyawar niyyarsa. Sai dai kafin mu zaɓi ɗaya daga ciki, muna neman izinin iyayenmu mu tuna wa kanmu wani abu da bai yi daɗin ji ba.

Duk wanda ya biyo ta hanyar kasuwa ya ga fanfon tuƙa-tuƙan da ke bayan makarantar firamare. Mu muka yi shi, da kuɗinmu. Ranar buɗe shi an yi kiɗa, an yanka ƙyalle, an ɗauki hotuna. Allon da aka rubuta sunayenmu a kai yana nan daram, ko harafi ɗaya bai goge ba. Fanfon kuwa ya daɗe da ƙafewa. Da muka bincika, sai muka tarar abin da ya lalace robar cikin bututu ce, wadda kuɗinta bai kai na lemon da aka sha ranar biki ba. Ba a gyara ba domin babu wanda aka ce shi ne mai gyara, babu kuma asusun da za a ɗauki kuɗin. Mutanen unguwa suna jiran ƙungiya, ƙungiya tana birni tana zaton aiki ya kammala. Yau 'yan matan unguwar sun koma kududdufi da tulunansu, a daidai lokacin da ya kamata suna cikin aji.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. Manyanmu sun ga zamanin hukumar DFRRI da aka kafa a 1986 domin samar da hanyoyi da ruwa a karkara. Sun ga asusun rarar man fetur na PTF da aka kafa a 1994 aka rushe a 1999. Sun ga shirin yaƙi da fatara na NAPEP da ya zo a 2001. Kowannensu ya yi abin da ya yi, kuma duk sun zama tarihi. Hukuma tana zuwa ta wuce, mai ba da agaji yana naɗe tabarmarsa idan wa'adinsa ya cika, amma gari yana nan, mabuƙatansa suna nan. Saboda haka aikin da zai ɗore shi ne wanda aka tsara shi tun farko yadda mutanen gari za su iya riƙe shi da hannunsu. Hausawa suka ce tun ran gini, tun ran zane. Don haka muka zo da tambayoyi huɗu, muna roƙon kada a sake sa harsashin wani aiki da sunan ƙungiyar nan sai an amsa su.

Tambaya ta farko: su wane ne masu buƙatar, kuma su nawa ne?

Da yawanmu mun daɗe a birane, sau ɗaya ko biyu muke zuwa gida a shekara. Waɗanda muke gani su ne masu zuwa gaishe mu a zaure. Amma mai tsananin buƙata sau da yawa ba ya zuwa zaure, ba ya kuma shiga layin rabo. Akwai matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, akwai tsohon da 'ya'yansa suka tafi ci-rani suka daina aike, akwai makaho da gurgu, akwai waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu suka raɓe a kangaye, akwai mutanen rugage da ba mu taɓa gayyata taro ba. Kunya takan hana mai mutunci miƙa hannu, sai mai baki ya karɓe rabonsa.

Tarihin yaƙi da cutar kurkunu ya isa darasi a nan. Kafin a fara komai, sai da aka bi ƙasar nan ƙauye-ƙauye ana ƙidaya a 1988 zuwa 1989, aka samu mutum fiye da 650,000 da ke fama da ita. Daga nan aka ɗora aikin a wuyan 'yan sa-kai na cikin ƙauyukan, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna kai rahoton duk wanda cutar ta kama. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta ba da gudummawa, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya jihohi. A 2008 aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da cutar. Da ba a san inda take ba, da ba a kawar da ita ba. Mu ma muna da masu yi mana irin wannan ƙidaya: mai unguwa ya san kowane gida, liman ya san wanda ya daina fitowa masallaci, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu sun san jama'arsu, ungozoma kuwa ta san gidan da hayaƙi bai tashi ba tun safe.

Tambaya ta biyu: mene ne suke buƙata, kuma mun tambaye su?

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun sha ganin an raba keken ɗinki ga wadda ba ta taɓa zare allura ba, kafin mako ya zagayo keken yana kasuwa. Ba laifinta ba ne, domin da an tambaye ta, wataƙila jarin ƙuli-ƙuli ko akuya biyu za ta nema. Idan kuma ruwa ne buƙatar, to ruwa ma da lissafinsa. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suke aiki da shi ya nuna mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake buƙata a rana shi ne lita 15, fanfon tuƙa-tuƙa ɗaya bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 500 ba, tazarar gida da wurin ɗiba kuma kada ta wuce mita 500. A ce unguwa tana da mutum 2,000. Tana buƙatar lita 30,000 kullum, wato jarka 1,200 mai cin lita 25, da fanfo huɗu. Idan muka kafa ɗaya muka tafi, mun kafa wurin faɗa ne, kuma nauyin da zai hau kansa shi zai karya shi. Sa'annan tunda mata da yara ne masu ɗibar ruwa, su ya kamata a tambaya inda za a haƙa, ba a kai shi ƙofar gidan wanda ya fi kowa ba da gudummawa ba.

Tambaya ta uku: yaushe taimakon zai isa?

Mun saba yin rabo da azumi da Sallah, kuma akwai lada a ciki. Amma duk manomi ya san yunwa tana da lokacinta. Daga faɗuwar damina zuwa marka, lokacin da rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, farashi ya hau, aikin gona kuma ya yi yawa, a nan ne talaka yake sayar da akuyarsa, ko ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, ko ya ci bashin da za a karɓe amfaninsa tun yana tsaye. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗani wannan a 2005, bayan ƙarancin ruwan sama da farin ɗango na 2004. An ga alamun matsala tun da kaka, amma rabon abinci kyauta bai kankama ba sai da damina ta yi nisa. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu. Maraɗi, wadda ta shahara da noma da fatauci, tana cikin inda abin ya fi tsanani, har ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu matsananciyar tamowa a ƙasar cikin wannan shekara.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa muke ba da shawarar kafa rumbun tsimi na gari. A sayi gero da dawa da kaka lokacin da suke da araha, a adana su a buhunan nan masu leda biyu a ciki waɗanda ke kashe ƙwari ba tare da an zuba magani ba, a fito da su da marka a sayar wa masu ƙaramin ƙarfi a kan kuɗin da aka saya da ɗan abin ɗawainiya. Wajibi ne mu faɗi gaskiya: irin waɗannan rumbuna da dama sun durƙushe a wasu wurare, saboda an bayar bashi ba a biya ba, ko masu riƙe da makulli sun ci amana. Don haka kada a haɗa jarin rumbu da sadaka. Wanda ba shi da ko sisin saye, a ba shi daga zakka da sadakar masu hali, a kai masa gida cikin sirri, ba tare da layi ko hoto ba.

Tambaya ta huɗu: wa zai riƙe aikin bayan mun koma birni?

Wannan ita ce tambayar da fanfon bayan firamare yake yi mana kullum. Amsarta ba ta da nisa da mu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashen da iyayenmu mata suka saba. Mata sukan haɗu duk mako, kowace ta zuba abin da ta iya, su ba junansu rance, ƙarshen zagaye su raba abin da ya taru. A tsarin da ya yaɗu daga can, akwatin kuɗi yana da kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, ba a kuma buɗe shi sai a gaban kowa. Yau ana aiki da wannan dabara a ƙasashe masu yawa na Afirka da wajenta, alhali daga ƙasar Hausa ta tashi. Abin da ya raya ta shi ne kuɗin nasu ne, idonsu kuma yana kai.

Haka nan addininmu ya tanadar mana waƙafi. Jihohi irin su Zamfara da Kano da Sakkwato sun kafa hukumomin zakka da waƙafi, amma babu abin da ya hana mai hali a cikinmu ya tsayar da shago ɗaya a kasuwa, ya ce kuɗin hayarsa na gyaran rijiyoyi ne har abada. Wannan ya fi allon suna daɗewa, a nan duniya da gobe kiyama.

Bisa ga abin da ya gabata, kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari biyar domin amincewarsa:

1. A yi ƙidayar masu buƙata unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, har da rugage, cikin wata uku, a kuma riƙe sunayen a matsayin amana.

2. Kafin kowane sabon aiki, a fara gyara fanfon bayan firamare da sauran ayyukanmu da suka lalace.

3. A ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin kowane aiki a asusun gyara, a kuma koya wa matasa biyu na unguwar yadda ake gyaran.

4. Kowane kwamitin unguwa ya ƙunshi mata da wakilin masu lalura, kuma kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum uku.

5. A karanta lissafin shiga da fita a gaban taro kowace shekara, a buga shi a mujallar ƙungiya, kuma kada a jingina wani aiki namu da wata jam'iyya ko ɗan takara.

Mun san akwai waɗanda za su ga wata uku sun yi yawa, su ce jama'a sun ba da kuɗi suna son ganin aiki a ƙasa. Muna ba su haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. A cikin kuɗin nan akwai na ɗan dako da na mai shayi da na malamin makaranta da ya tsakuro daga albashinsa, kuma za a tambaye mu a kan kowane kwabo. Idan Allah Ya kai mu taron baɗi, muna fatan abin da za mu kawo muku shi ne adadin gidajen da suka ƙetare marka ba su sayar da akuyarsu ba, da adadin 'yan matan da suka ajiye tulu suka koma aji.

Inda muka yi kuskure a gafarce mu, inda muka yi daidai daga Allah ne. Allah Ya ja zamanin Hakimi, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya haɗa kanmu, Ya ba garinmu da ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya kuma mayar da kowa gidansa lafiya.