Kumburi Da Ƙagewar Gwiwa Bayan Aikin Sauya Ta

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikacin gashin ƙashi, ya gabatar a taronmu na shekara-shekara a Yelwa)



Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan ciwon gwiwa, kuma dalili a fili yake. Mu da muka yi tsere a filin makaranta, yau da yawanmu sai mun dafa ƙasa muke miƙewa. Akwai waɗanda aka riga aka yi wa aikin sauya gwiwa, wasu a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wasu a Indiya ko Masar, akwai kuma masu tara kuɗin zuwa. Zan taƙaita a kan abin da ke biyo bayan aikin, wato kumburin da ke daɗewa da kuma ƙagewa. Abin da nake so kowa ya tafi da shi shi ne: kumburi yakan saɓe a hankali in an bi shi da haƙuri, amma ƙagewa ba ta jiran kowa.

Da farko, me ake yi a wannan aiki? Idan guringuntsin da ke lulluɓe bakin ƙasusuwa ya cinye, ƙashi ya koma gogar ƙashi, likita yakan yanke bakin ƙashin cinya da na ƙauri, ya sa musu hular ƙarfe, ya sa roba mai ƙarfi a tsakani. Irin gwiwar da ake sa wa mutane yau ta samo asali ne daga aikin likitoci irin su John Insall a Amurka a shekarun 1970. Wani bincike da mujallar The Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan 82 daga cikin 100 na waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 suna aiki. Ke nan ƙarfen ba shi ne abin damuwa ba. Naman da ke kewaye da shi, wanda aka yanka aka ɗinke, shi ke kumbura, shi ke ƙagewa.

Kumburi da ɗumi a gwiwa na wata 3 zuwa 6 ba baƙon abu ba ne, wasu ma sukan kai shekara. Yakan ragu da safe, ya ƙaru da yamma bayan an yini ana zirga-zirga. Haka nan ɗan ƙaras-ƙaras da ake ji in ana tafiya, da mutuwar fata a gefen tabon ta waje, duk ba alamar aiki ya ɓaci ba ne. Maganin irin wannan kumburi abu huɗu ne. Na ɗaya, a kwanta a ɗaga ƙafa har ta fi ƙirji tudu, sau 3 ko 4 a yini. Zama a kujera da ɗora ƙafa a kan ɗan benci bai wadatar ba. Na biyu, ƙanƙara naɗe a cikin tawul, minti 15 zuwa 20, kada ta taɓa fata kai tsaye. In babu wuta, a sayo wajen masu ruwan leda, in ta faskara a jiƙa tawul da ruwan randa. Na uku, a riƙa motsa tafin ƙafa sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki, domin tsokar sha-raɓa ita ke tura jini ya koma sama. Na huɗu, safar matse ƙafa, in likita ya ba da ita. Idan kuma aka wayi gari gwiwa ta fi jiya kumburi, to aikin jiya ya yi yawa, sai a rage, amma kada a daina.

Yanzu sai ƙagewa, kuma a nan zan roƙi malamanmu na lissafi su tuna mana darasin kusurwa. Ƙafar da ta miƙe sak tana kan digiri 0. Tafiya a fili tana bukatar gwiwa ta lanƙwashe kamar digiri 65. Hawa matakala da tashi daga kujera suna bukatar 90 ko fiye. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin sukan tsaya tsakanin 110 da 125. Amma tsuguno da zaman tahiya suna neman 140 zuwa sama. Kun ga ke nan mutumin Turai da ke rayuwa a kan kujera zai ce ya warke sarai, alhali mu masu tabarma muna ganin da saura.

Abin da ke ƙage gwiwa shi ne tabon ciki. Jiki yakan saƙa wani nama mai tauri a wurin da aka yanka, kuma a makonnin farko yana da taushi, yana bin duk inda aka ja shi. Bayan mako 12 sai ya yi ƙarfi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka atisaye 3 ne ba a fashinsu. A kwanta a jawo diddige zuwa ɗuwawu, a taimaka da rawani ko gyale. A zauna a bakin gado a saki ƙafa, a tura ta baya da ƙafar mai lafiya. Sannan a miƙe ƙafa a sa matashi a ƙarƙashin diddige, a danna bayan gwiwa ƙasa. Kada a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa ita kanta. Yana da daɗi, amma shi ke sa ƙafa ta kasa miƙewa, mutum ya dawwama yana ɗingishi. A sha maganin rage zafin da likita ya rubuta kamar rabin awa kafin a fara, kuma kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi wahala ɗaya mai tsawo.

Idan an kai mako 6 gwiwa ba ta kai digiri 90 ba, a koma wurin likitan da ya yi aikin, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Akwai ɗan aikin da ake yi, a sa mutum barci a lanƙwasa gwiwar a tsinka tabon, ba tare da yanka ba. Ya fi yin amfani in an yi shi cikin wata 3 na farko. Wanda ya bari ya wuce, wataƙila sai an sake yanka.

A nan ne nisanmu yake cutar da mu. Mutumin Wara ko Shanga, balle na tsibiran tafkin Kainji, yakan dawo gida da takardar sallama, ya kwanta, 'yan uwa su hana shi ko ɗaukar buta saboda tausayi. Mako 8 su wuce yana karɓar 'yan dubiya, gwiwa kuwa tana bushewa. Don haka kafin a baro asibiti, mai jinya ya koyi atisayen da hannunsa, a ɗauki bidiyonsa a waya, a karɓi lambar sashen gashin ƙashi. A kuma tambaya tun da wuri inda za a sami mai duba ci gaban aikin, ko a nan Yelwa ko a Birnin Kebbi ko Sakkwato. A doguwar tafiyar mota, kamar ta hanyar Koko da Jega, a riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya ko biyu a taka ƙasa. Babur da kwalekwale a dakata da su sai likita ya yarda, kuma kada a shiga ruwan tafki sai rauni ya rufe ƙaf.

Akwai kumburin da ba a yi masa haƙuri. Idan sha-raɓa ta kumbura ta yi tauri tana zafi, ana jin tsoron gudan jini ne a jijiya. In ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi suka biyo baya, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Idan kuma gwiwa ta yi ja, zafinta yana ƙaruwa, rauni yana tsattsafo da ruwa ko mugunya, ga zazzaɓi, to ƙwayoyin cuta ne ake zargi. Mu mutanen bakin ruwa mun saba ɗora kowane zazzaɓi a kan sauro. Mai ƙarfe a gwiwa kada ya yi haka. Masu ciwon suga su fi kowa kiyayewa.

Ina roƙonku da babbar murya: kada a yi wa wannan gwiwa sakiya, ko tsaga, ko ƙaho, kada a kai ta wurin mai ɗori, kada wani ya zuƙe ruwanta da allura a kemis. Jini ba ya ratsa ƙarfe, saboda haka ƙwayar cutar da ta manne masa magani ba ya cim mata da sauƙi. Ƙarshenta sai an ciro gwiwar gaba ɗaya, kuɗin da aka sayar da gona aka tara ya tafi a banza. Haka kuma haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda, da yawan shan irin su diclofenac, suna taɓa ƙoda da ciki.

Sauran kuwa gyaran gida ne. Kafinta zai iya huda kujera mai tsawo a ɗora a kan masai. A ɗaga gado, a bar zama a ƙasa. Batun salla, malamai sun bayyana cewa wanda bai iya tsayuwa ko sujada ba ya yi a zaune, don haka babu abin kunya a kujera a masallaci. Durƙuso bayan an warke wasu sukan iya, wasu ba sa jin daɗinsa, sai a tambayi likita. Ya kamata kuma a sani cewa kusan mutum 1 cikin 5 yakan ci gaba da jin wani abu a gwiwar ko bayan shekara. Mai irin wannan ya koma a bincika, kada ya zauna yana zargin kansa.

Daga ƙarshe, ina ba ƙungiya shawara. Duk ɗan uwan da aka yi wa wannan aiki, a wakilta mutum biyu daga 'yan ajinsa su riƙa leƙa shi har mako 12. In sun je, bayan gaisuwa su tambaye shi digiri nawa gwiwa ta kai, su kama hannunsa su zaga gida da shi. Asusunmu na taimako kuma ya ɗauki kuɗin motar komawa asibiti, domin sau da yawa abin da ke hana komawar ke nan.

Allah Ya ƙara wa malamanmu lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.