Faifan Da Ya Tsaya A Bakin Kabari

Karatu: Yohanna 19:38 zuwa 20:18

 Yau za mu yi magana a kan wani tsohon faifai wanda waɗansunmu suka yi ta ji a kwanakin ƙuruciya, muna kuwa tunawa da shi da ƙauna har yanzu. Sunansa Jesus Christ Superstar. Yara na yanzu ba su san faifai mai allura ba, amma iyaye da kakanni sun san shi, sun san yadda ake hura ƙura daga kansa, a ɗora allura a hankali, gida ya yi tsit.

Faifan ya fito a shekarar 1970. Samari biyu ne na ƙasar Ingila suka shirya shi. Andrew Lloyd Webber ya tsara kiɗan, yana da shekara 22 a lokacin, Tim Rice kuma ya rubuta kalmomin. Nufinsu shi ne su yi wasan kwaikwayo wanda daga farko har ƙarshe da waƙa ake yin sa, a kan makon ƙarshe na Yesu kafin gicciye. Ba su sami wanda zai zuba kuɗi a nuna shi a dandali ba, saboda haka suka fara da ɗaukar murya. Faifai biyu ne cikin kwali ɗaya, fuska huɗu, kusan sa'a ɗaya da rabi. Ian Gillan, mawaƙin ƙungiyar Deep Purple, shi ya rera muryar Yesu. Murray Head ya rera ta Yahuza Iskariyoti, Yvonne Elliman kuma ta Maryamu Magadaliya. A shekarar 1971 faifan ya hau kan gaba a kasuwar waƙoƙin Amurka, a wannan shekara aka fara nuna wasan a birnin New York, a 1973 kuma aka fito da fim ɗinsa, wanda aka ɗauka a ƙasar Isra'ila.

Me ya sa muka so shi haka? Mun saba jin labarin shan wuyar Ubangiji ana karanta shi a majami'a da murya mai sanyi, har kunne ya saba, zuciya ta daina motsi. Sai ga wannan faifai da jita mai wutar lantarki da ganguna, ga taron jama'a na ihu, ga Kayafa da murya mai kauri yana shirya makirci, ga Bilatus yana kai da kawowa. Labarin da muka sani tun muna makarantar Lahadi ya zama kamar jiya ya faru.

Wuri biyu ne ba ma mantawa. Na fari shi ne waƙar Getsamani. A nan mawaƙin ya ɗaga murya har ta zama kuka, mai ji kuwa sai tsikar jikinsa ta tashi. Da yawa cikinmu a nan muka fara gane cewa Yesu mutum ne na ainihi, mai jiki da jini, wanda ya ji nauyin mutuwa. Wannan kuwa koyarwar Littafi Mai Tsarki ce. Luka 22:44 ya gaya mana yadda guminsa ya zama kamar ɗigon jini, Ibraniyawa 5:7 kuma ta ce ya yi addu'a da kuka mai tsanani da hawaye. Wuri na biyu shi ne bulala a gaban Bilatus, inda ake ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya har 39. Marubutan Bishara ba su faɗi yawan bulalar ba. Wannan lissafi daga al'adar Yahudawa yake, irin wadda Bulus ya ambata a 2 Korantiyawa 11:24. Duk da haka wanda ya saurari ƙirgar nan har ƙarshe ba zai ƙara karanta kalmar bulala da gaggawa ba.

To, amma 'yan'uwa, Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Labarin Yesu yana da masu shi, wato shaidun da suka gani da idonsu. Idan muka ajiye faifan kusa da Bishara, za mu ga wuraren da suka rabu.

Faifan ya ba da labarin ta idon Yahuza. Ya nuna shi mutum ne mai hankali, mai damuwa da matalauta, mai tsoron kada Romawa su hallaka jama'a. Gaskiya ne Yahuza ya yi gunaguni a kan turaren da aka zuba wa Yesu, ya ce da an sayar an ba matalauta. Amma Yohanna 12:6 ya bayyana cewa ba tausayin matalauta ne ya sa shi magana ba, shi ne mai riƙe da jakar kuɗi, yana kuwa ɗiba daga ciki. Matiyu 27 ya nuna ya yi nadama, ya mayar da azurfa talatin, sa'an nan ya kashe kansa. Bitrus ma ya faɗi a daren nan, ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya yi kuka mai zafi. Yahuza ya kai nadamarsa wurin manyan firistoci, ba su da abin da za su ba shi. Bitrus ya zauna tare da 'yan'uwa har ya sadu da Yesu a bakin tekun Galili, aka maido shi.

Faifan kuma ya nuna Yesu a Getsamani kamar wanda bai tabbata ba ko mutuwarsa za ta amfana wani abu. Bishara ta nuna baƙin cikinsa, amma ta nuna ya san abin da ya zo yi. A Markus 10:45 ya riga ya faɗa cewa ya zo ne domin ya ba da ransa fansa saboda mutane da yawa. A Yohanna 10:18 ya ce ba mai ƙwace ransa, shi ne yake ba da shi da yardarsa.

Babban abu yana ƙarshen fuska ta huɗu. Bayan gicciye akwai kiɗa mai taushi, babu muryar kowa. Sunan da suka ba wannan kiɗa shi ne lambar wata aya, Yohanna 19:41, ayar da ta yi maganar lambu da sabon kabari. Daga nan allura ta kai ƙarshe. Faifan ya raka Yesu har bakin kabari, ya tsaya.

Yohanna bai tsaya a nan ba. Aya biyu kaɗai a gaba, sura 20 ta fara. Da asuba ranar farko ta mako, tun da sauran duhu, Maryamu Magadaliya ta je kabarin ta tarar an kawar da dutsen. Faifan ya mai da ita mace mai tarihin karuwanci wadda ta rikice da son Yesu. Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba. Luka 8:2-3 ya ce Yesu ya fitar mata da aljanu bakwai, tana kuwa cikin matan da suke yi wa shi da almajiransa hidima da dukiyarsu. Ita ce ta fara ganin Ubangiji da rai, ita aka aika ta gaya wa almajirai. Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 15:17 in Kristi bai tashi ba, bangaskiyarmu banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Gwauruwar da ta binne mijinta, da iyayen da suka binne ɗansu, ba za su sami ta'aziyya a labarin da ya ƙare a kabari ba.

Saboda haka ga shawararmu ga iyaye. Yaranmu suna jin waƙoƙi da kallon finafinai iri iri a kan Yesu ta wayar hannu, waɗansu masu kyau, waɗansu gauraye. Kada mu ƙwace kawai, kada kuma mu bar su su kaɗai. Mu zauna tare da su, mu saurara, sa'an nan mu buɗe Littafi Mai Tsarki, da Hausa ko da harshenmu na gida, mu tambaya, ina suka yi daidai, me suka ƙara, me suka bari? Haka mutanen Biriya suka yi da wa'azin Bulus kansa a Ayyukan Manzanni 17:11, aka kuwa yabe su.

Faifan ya yi ta tambaya ko wane ne Yesu, ya bar kowa da tunaninsa. Yesu da kansa ya yi wa almajiransa wannan tambaya a hanyar Kaisariya Filibi, Bitrus ya amsa cewa shi ne Almasihu. Kai mai sauraro, ke mai sauraro, mene ne amsarku yau?

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin Ɗanka wanda ya sha wuya, ya mutu, ya tashi dominmu. Ka ba mu kunnen rarrabewa a gidajenmu, ka riƙe 'ya'yanmu cikin gaskiyarka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.