Gajiyar da Barci Ba Ya Kawar da Ita



A ɗauki misalin wata malamar firamare 'yar shekara 28. Ta yi barci isasshe, amma kafin azahar ko tsintsiya ta gagare ta ɗauka. Watanni uku baya idonta ɗaya ya dushe, yana ciwo in ta juya shi, sannan ya washe da kansa. Yanzu ƙafa ce ta yi nauyi, kamar kiyashi na yawo a ciki. Uwar miji ta ce son jiki ne. Maƙwabciya ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya.

Likita kuwa zai yi zargin cutar MS, wadda Jean-Martin Charcot ya fayyace a Paris a 1868. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta ci rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gaigaye robar wayar lantarki: wuta na zuwa, tana yankewa. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya. Mata sun ninka maza, kuma yawanci tana somawa tsakanin shekara 20 da 40. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada. A ƙasarmu ba ta da yawa, sai dai inda hoton MRI ya yi tsada kuma likitan jijiya ya yi ƙaranci, wasu masu ita ba sa shiga lissafi.

Tun kafin a kai ga sanda, gajiya ce ke fara cin mutum, kuma kusan uku cikin huɗu na masu cutar suna kuka da ita. Zafi na ƙara ta. Likitan ido Wilhelm Uhthoff ya lura tun 1890 cewa ganin wasu majinyata na dushewa idan sun motsa jiki, daga baya aka gane ɗumin jiki ne sila. To a auna wannan da bazarar Kaduna: Afrilu, rufin kwano, an ɗauke wuta, ga tafiya kasuwar Kawo da rana tsaka. Wadda ta kwanta a siminti da jiƙaƙƙen zane ba shagwaɓa take yi ba. Da jiki ya huce, alamun kan lafa.

Kusan rabin masu MS kan gamu da ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, kuma ba baƙin cikin labarin kaɗai ke kawo shi ba, kumburin da ke cikin ƙwaƙwalwa na da hannu. Fargaba ta fi tsanani a farko, domin cutar kan tashi ta kwanta ba sallama. Budurwa na tunanin wa zai aure ta, matar aure na tunanin kishiya da haihuwa. Alhali MS ba ta hana ɗaukar ciki. Tashinta ma kan ragu a watannin ƙarshe, sai bayan haihuwa ake sa ido. Fargaba ta hana barci, rashin barci ya ƙara kasala, kasala ta jawo gori. Gorin nan, a gaskiya, ya fi allura zafi.

Wadda idonta ya dushe na da Cibiyar Ido ta Ƙasa a nan Kaduna. Akwai Asibitin Barau Dikko, akwai na koyarwa na ABU a Shika. A fara da gwajin ƙarancin jini, sukari da maƙoƙo, tunda su ma suna kawo kasala. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS uku, ciki har da rituximab, a jerin magunguna na wajibi.

Damuwar ma tana da magani, na sha da na tattaunawa da ƙwararre, a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Daga Unguwar Kanawa gada ɗaya ce tsakani, amma iyalai da yawa kan yi shekara ba su haye ta ba, don kada a ce an kai 'yarsu asibitin mahaukata.